Mai Toshe Ruwa

A fadamar Jega Baba Nomau ya koya mini:
sakar wa shinkafa ruwa aikin yaro ne,
gwani shi ya san sa'ar toshewa.

Yau ga shi kwance a asibiti,
jiki zafi kamar tanda,
ni kuwa littafin Aliero a cinyata,
ina karanta rikicin da ke jininsa.

Ƙwayar garkuwa ta ga baƙo, ta yi kururuwa.
Saitokin ke nan, gangar gayya.
Ta kusa ta amsa, ta nesa ta ɗauka,
har masu tsaron gida suka soma cin gidan.

Amma kiran da kansa, in ya kai cikin ƙwaya,
yakan ta da wani ɗan furotin daga barci.
Ba kibiya gare shi ba, ba kirari.
Sai ya dafe bakin ɗan aike,
ya shafa masa alama, a kai shi juji.

Shi nake jira.

Wajen asalatu gumi ya karyo.
Baba ya buɗe ido ɗaya:
"Kulu, wa ya kashe injin ban-ruwa?"
Na ce, wani ƙarami ne, Baba,
ba ka san shi ba.