Daɓen Tirelar Barau

A Panteka na koyi sauraron katako.
Baba Jatau ba ya kallon fenti,
sai ya tuɓe takalmi ya hau,
ya buga dunduniya, ya karkata kunne.
Yakan ce, "Dogara, bango ado ne, rufi inuwa,
daɓe shi ke shan wuya,
kuma ba wanda ya taɓa yi masa sannu."

Wata Talata Barau ya jawo tirelarsa,
gabanta gado da ɗan murhun gas,
bayanta wurin babura uku na tsere
da wani mai ƙafa huɗu, ja kamar gauta,
da yake kaiwa gindin duwatsun Kajuru
su yini suna birgima cikin laka.
Ya ce a yi masa daɓen da zai ga jikokinsa.
Bai nemi ragi ba. Ya ƙirga, ya ajiye.

Baba ya rubuta a bayan kwalin siga:
katakon ƙirya, kauri inci biyu,
farantin ƙarfe a bakin ƙofa
inda taya ke fara cizo,
kwalta a kowace gaɓa saboda damina.
Washegari ciwon ƙirji ya kwantar da shi
a gidansa na Tudun Nufawa,
kuɗi da kwalin suka zauna a aljihuna.

Ƙirya tsada, filawud araha.
Tsakaninsu akwai kuɗin haya na wata biyar
da wayar da na daɗe ina leƙe a Kasuwar Barci.
Na shimfiɗa filawud, na ɗaure da noti,
na lulluɓe da baƙar roba mai ƙyalli.
Barau ya shafa da tafin hannu,
ya ce, "Kai, yaron nan ya gaji Baba!"
Ban iya haɗa ido da shi ba.

Damina ta fari, shiru.
Ta biyu, Baba ya rasu,
na gaji guduma da injin walda da sunansa.
Ruwan Agusta kuwa bai san kunya ba.
Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa a hankali,
baƙin mai ya ɗiga, fetur ya jiƙa,
filawud ya kumbura kamar burodi a shayi,
roba a sama tana ta ƙyalli abinta.

A ta uku, kan hanyar Kachia,
jak ɗin babur ya huda daɓe ya leƙa titi.
Babur ya kwanta kan ɗan'uwansa,
igiya ta tsinke, fitila ta tarwatse.
Ƙaramin ɗan Barau yana barci a gadon gaba.
Taku huɗu ne tsakani.
Na auna da kaina daga baya. Huɗu.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba.
Ya miƙo mini ɓallin katakon,
na murza, ya zama gari a yatsuna.
Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba,
ashe shi ma yakan yi kuskure."
Nan ƙasa ta yi mini nisa.
Na ce, "Baba ƙirya ya rubuta.
Ga kwalin, har yau yana wurina."

Na sayar da wayar, na ci bashin sauran.
Kwana tara ina huda ƙirya,
bakin injin huji uku ta cinye mini,
ta ƙi ƙusa sai da lallashi.
Barau bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba,
ya dai tsaya har na ɗaure notin ƙarshe.

Jiya ta wuce ta gadar Kawo,
shekara shida ke nan, fenti ya koɗe,
babura a tsaye a ciki kamar sahu.
Yarona Tanko ya ce, "Oga, me kake kallo?"
Na ce ya tuɓe takalmi,
ya hau waccan da aka kawo da safe,
ya taka, ya gaya mini abin da ya ji.