Takalman Gwanjo Sun Koma Gida

Mansura ta turo hoto da sassafe,
ina shimfiɗa buhu a bakin layin dogo na Agege,
ban ko gama jera guduma da basilla ba.
Ta ce, "Baba, yau kwana uku muna tafiya a ƙasa."

Na ce, motar ce ta lalace?
Ta yi dariya. Wai da gangan ne.
Wai a ƙauyukan Faransa
mutum kan ɗauki hutu don ya gajiyar da ƙafarsa.

Na kanne ido na duba.
Ƙasa shimfiɗe kamar tabarmar da aka kakkaɓe,
ba tudu, ba gangare,
alkama dama, alkama hagu,
hanya a tsakani siririya kamar tsagar kitso.
Can ƙarshe hasumiyar coci,
ba ta fi allurata tsawo ba.
Fararen shanu uku, ba makiyayi.
Wannan ya fi komai ɗaure mini kai.

Ta ce ba a ɓata a can,
an shafa fari da ja a jikin itatuwa,
bin su kawai ake yi.
Mu ma nan muna da alama:
in ka ji ƙaurin ƙafar sa, ka kusa mahauta,
in ka ji kwandasta na tsage maƙogwaro, Oshodi ce.

Amma ni ba sararin nake nema ba.
Na ja hoton da yatsa biyu
har ƙasa, wurin sawunta.
Su ne.
Ruwan ƙasa, masu doguwar igiya,
da na zaƙulo daga gindin dila a Katangowa
ranar da taɓo ya kai mini idon sawu.
Mai kaya ya ce dubu tara, na ce biyar,
muka rabu a shida da rabi kowa na ƙunƙuni.
Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe.
Mai su na farko yana jan ƙafa, Allah ya sani.
Na yanko tsohuwar tayar danfo na liƙa,
na bi da ɗinki biyu, zare mai kaki.

Wa ya san ko daga can suka fito?
Ko wani dattijo ne ya sha taka hanyar nan da su,
ya kwanta dama, 'ya'ya suka bayar,
suka sha teku, suka sha zafin Apapa,
suka faɗo hannuna.
Ga shi 'yata ta mai da su gida
da guntun Legas manne a ƙarƙashinsu.

Shekara ashirin da shida na zaga garin nan
da akwati a kafaɗa, ina ƙwanƙwasa shi,
Ogba, Dopemu, Ikeja, in dawo,
kafin gwiwa ta zaunar da ni.
Ba wanda ya taɓa kiran wannan hutu.
Rabona da ganin inda sama ta taɓa ƙasa
tun a saman motar shanu, bayan Haɗeja,
ina saurayi, ina ɗokin in bar shi.

Da azahar ta turo murya.
Ba ta ce komai ba.
Tsakuwa ce kawai ke ƙara a ƙarƙashin taku,
da wani tsuntsu da ban san sunansa ba.
Na kara a kunne, jirgi ya zo ya cinye shi.
Na jira ya wuce, na sake kunnawa.
Hagu, dama. Hagu.
Ɗinkin bai saki ba.

Iya Ronke na tsaye kaina da silifa tsinkakke,
ƙafa ɗaya a kan ɗaya.
Na ce ta ba ni minti guda.
Na danna, na ce:
Mansura, in raɓa ta jiƙa su,
ki cusa musu jarida da dare.
Kar ki kai su kusa da wuta.