Jeka Ka Dawo

Ƙarfe uku na dare a Tartu.
Ƙanƙara ta liƙe tagar ofis, shayina ya huce,
sabar imel ta asibitinmu sai haki take yi:
ƙwanƙwasa dubu tara cikin minti guda,
kowane baƙo da wasiƙar ƙarya a hammata,
wai ka ci gado, wai lambar sirrinka ta mutu.

Bara na fusata, na danna sakata,
na yi barci har da munshari.
Da safe Likita Õnne Raudsepp ta tsaya a kaina,
ko hular sanyi ba ta cire ba.
Sakamakon jinin wani yaro daga ɗakin gwaji
ya zo ƙofa, na ce masa babu kowa a gidan nan,
ya juya.
Kwana biyu ana jiran abin da ni na kora.
Garin neman gira na rasa ido.

Yau ba na korar kowa.
Talatin a minti, shi ne rabon kowane adireshi.
Wanda ya zarce, lamba uku nake miƙa masa,
huɗu, biyar, ɗaya:
jeka ka dawo.

Mai saƙon gaskiya yakan ajiye kayansa a zaure,
ya dawo bayan minti biyar,
in an sake cewa jira, ya ƙara sha biyar.
Ɗan damfara yana da ƙofa miliyan a gabansa,
ina ya ga lokacin komawa tawa?

Sai dai akwai Endel, mai kantin magani a Elva.
Bakwai na bugawa yake sako takardu sittin a tare,
daga nesa ka rantse ɓarawo ne.
Na rubuta sunansa a gefe, na ba shi tamanin.
Gobe wani Endel zai ɓullo wanda ban sani ba,
wannan ne ke hana ni barci.

Huɗu saura kwata.
Wani ƙaramin adireshi, ban taɓa ganinsa ba,
ya ƙwanƙwasa, aka ce jira. Ya dawo. Aka ce jira.
A karo na uku ƙofa ta buɗe,
saƙon ya haura zuwa sashen haihuwa.

Ban karanta ba, ba hurumina ba ne.
Na tashi na ɗora wani ruwan shayin.