Tagar Aji Uku

A Narin tun Oktoba muke liƙe tagogi,
takarda da sabulu, tsumma a kowace kafa.
Na ajina da hannuna na liƙe su,
na ce bana sanyi ba zai ga yarana ba.

Tsoho Kanibek ke hura murhu da asuba,
kwal bokiti biyu.
Bututun ya tsage a gwiwa,
ya ɗaure shi da waya tun bara,
ya ce zai kai mu bazara.

Mu talatin da huɗu, numfashi ɗaya muke karɓa-karɓa
kamar moɗa guda a bakin randa.
Kafin darasi na uku kawuna sun yi nauyi.
Tilek ya kifa goshi a kan lissafi,
na buga tebur, na kira shi rago.
Allah ya yafe mini wannan kalma.

Begimai ba ta gyangyaɗi, ita tari take,
siriri, da fito a ƙarshensa
kamar buta ta kusa tafasa.
Ran Laraba kujerarta ba kowa.
Uwarta ta aiko: suna asibitin gari,
an sa mata robar iska a hanci.

Ran Asabar na kwance labulen aji na kai gida.
Fari ƙal na rataye shi.
Ruwan farko ya fito kamar shayin da aka manta a wuta,
na biyu ma haka.
A na uku na tsaya, hannuwana cikin baho.
Labule dai ga shi yana fita.
Huhun 'yar shekara tara fa,
a wane baho?

Litinin na zo da wuƙar yanka albasa,
na farke takardar taga ta ƙarshe.
Na ce ku sa riguna, ku ja huluna,
mu ƙirga ɗari tare.
Iskar duwatsu ta shigo da haƙoranta.
Tilek ya yi atishawa, ya yi dariya,
ya ƙarasa lissafinsa, daidai kuma.

Shugaba ta leƙo, ta ce, Zuura,
kwal kuɗi ne, kina ɗumama tsauni?
Na nuna mata bututun. Ta daɗe tana kallo,
ta ce za ta rubuta wasiƙa.

Jibi Begimai za ta dawo.
Tun ɗazu nake ɗauke da kujerarta a tsakiyar aji,
na kai ta gefen murhu, na dawo da ita,
na kai ta gefen taga.