Ruwa Cikin Mai

Ranar Talata, ana shirin la'asar,
anka jawo motar Nomau da sarƙa,
albasar Goronyo bisa kanta, buhu ɗari da ishirin,
anka yada ta bakin garejina a Kwannawa.

Na zare tsinken awon mai na duba.
Abin da ya kamata ya fito baƙi wuluk
ya fito fari-fari, da kauri awa kunun gyaɗa.
Na murza a yatsa, na sansana, na ce,
"Nomau, injinka ya sha ruwa."

Ya ce, "Tun Acida take tafasa.
Na ba ta jarka biyu, na ƙara ta uku,
allura ta hau ja, ni ko ina ta addu'a."
Na ce, "Addu'a ta ci, tunda inji bai kama ba,
amma in zafi ya yi sallama, tsayawa akan yi,
ba a taka mishi totur ana wucewa."

Shekara talatin ina kwance inji,
ban nemi shawarar kowa ba: gasket ne.
Munka sauke kai, mu huɗu muna nishi,
munka kankare, munka wanke da gas,
noti bayan noti, daga tsakiya zuwa gefe,
yadda Jabbi ya koya man, Allah ya jiƙan shi.
Sabon mai, sabuwar filta.
Nomau ya biya, yana ƙirga kuɗin yana sakewa.

Munka tada ta, ta yi ruri mai daɗi.
Na sha shayi, na yi wa yara ba'a.
Gab da magariba na sake zare tsinken.
Kunun ya dawo, bai ko ji kunyar dawowa.

Albasa ta fara wari, ƙudaje sun samu labari.
Mai kaya na ta bugo waya.
Nomau bai ce man uffan ba,
shirun nan kuwa ya fi zagi ƙonawa.

Sai Sahabi, yaron da ke wanke man sifana,
wata bakwai da zuwanshi, ko jek bai gama iya kafawa ba,
ya ce, "Oga, ba mu duba kular mai ba."
Na harare shi. Ya sunkuyar da kai, bai janye maganar ba.
Munka ciro ta, munka toshe baki guda,
ya tsoma ta cikin baho, ya hura da famfon taya.
Kumfa! Ƙanana, a jere, awa ƙwan kifi,
daga tsagar da ba ta kai gashin gira ba
suna ta tasowa.

Nan ne ruwa da mai ke wuce juna kullum,
bango ɗaya tsakaninsu, kaurin farce,
kowa na aikinshi, ba su ko gaisawa.

Munka kwana kanta, fitilar waya a baki.
Zuba mai, tada, juye, sake zubawa,
sau uku kafin cikinta ya yi tsarki,
lagireto ma sai da ta sha wanki har kumfa ta ƙare.
Ladan na kiran assalatu tsinken ya fito garau,
launin zuma, ɗigo na bin ɗigo yana zubowa.

Na mayar wa Nomau kuɗin aikin gasket.
Hannuna bai so ba, tilasta mishi na yi.
Buhu tara sun lalace, bai ɗora man ko guda ba.
Ya hau, ya danna ham sau biyu, ya kama hanyar Gusau,
warin albasa na bin shi, ni ina tsaye har ɓacewa.

Sahabi na tattara sifanu zai kai wanki.
Na ce ya aje, wani ya yi.
Na miƙa mishi lamba sha bakwai, tawa, mai lotsattsen kai,
na ce, "Ga wata tifa can tana farin hayaƙi.
Je ka saurare ta, ka zo ka gaya man,
ni yau kunnena na hutawa."