Jan Haliru

A shagonsa na Mabera, bayan rumfar mai faci,
Haliru ya daina wanke burushi.
Wai ruwan ma ya ga abin da ya ishe shi.

Da can kifi yake zanawa a ƙofar mai kifi.
Tun daren da 'yan bindiga suka kwana ƙauyensu,
can gabas da gulbin Rima,
hannunsa ya ƙi kifi.

Na zaci ja zai malala.
Ya ce, a'a.
Ja na akuyar innata ne,
na karan dafin dukawa,
na bakin tsoho mai cin goro.
Sun kwashe shanu, sun kwashe gero,
ban ba su ja.

Tsoro, fari yake sa masa:
hanyar Isa da azahar,
ba mota, ba jaki, ba ko inuwar shaho.
In ka daɗe kana kallo sai idonka ya yi ruwa,
ka ce hasken ne.

Rawaya kuwa jarkar ƙanensa Sahabi ce,
wadda aka tsinta a bakin rijiya,
cike, da murfinta.
Sau tara ya zana ta.
Bai taɓa zana mai ita ba.

Jiya wata tsohuwa mai gudun hijira
ta tsaya, ta nuna wani ɗigo a kusurwa:
ƙofata ce wannan, amma shuɗinta ya fi haka duhu.

Bai ce komai ba.
Ya ɗebo baba a marfin kwalba,
yana ƙarawa, tana cewa saura,
har aka kira magariba.