Baƙo a Idon Ranmenika

A Weligama, inda masunta ke zama kan sanda a teku,
Ranmenika ta shekara arba'in tana saƙa leshi
kafin ƙaiƙayin shinkafa ya soki idonta na hagu.
Miki ya warke, ya bar gajimare,
jijiyoyin jini suka bi shi kamar saiwar kwakwa.

An ɗauko tantani daga idon wani direban Matara
da ya bar wasiyya.
Ɗinki sha shida, zaren ya fi gashi siranta.
Ta yaba hannun likita; ai ta san ɗinki.

Likita Abeyratne ya ce:
"Tantanin ido ɗaki ne da jini ba ya shiga,
ba mai tambayar baƙo sunan ubansa.
Naki kuwa jijiyoyi sun fasa masa ƙofa,
masu gadin jikinki za su leƙo."

Wata bakwai tana ganin bakin zare.
Ran Talata ido ya kaɗa,
fitila ta zama allura,
wani farin layi ya fara ratsa tantanin
kamar jerin tururuwa.

An ɗebi jininta, ko za a dace
da mamacin da tsokarsa ta yi kusa da tata,
in wannan ya tafi.

Kowace awa tana ɗiga magani,
tana lallashin jininta:
"Ku ƙyale shi mana.
Me ya ci muku? Taga kawai ya kawo."

Da asuba layin bai matsa ba.
Ta jawo matashin saƙa,
ta rufe idon dama, ta nemi zaren.